Dalilin Sauya Mitocin Gajeren Zango Sau Biyu a Shekara

Gidajen rediyon ƙasa da ƙasa da ke watsa shirye-shirye a gajeren zango, wato tsakanin megahaz 3 zuwa 30, sukan sauya mitocinsu a ranar Lahadin ƙarshe ta Maris da kuma Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Wa'adin farko ana kiransa A, na biyu kuma B, a haɗa da lambar shekara, kamar A25 ko B25.

Tushen lamarin yana can sararin samaniya, inda akwai wani rufin iska da hasken rana ke cika shi da ƙarfin lantarki, wanda shi ne yake maido da sautin da aka harba zuwa doron ƙasa, har muryar da ta taso daga tsibirin Asenshon ta sauka a akwatin rediyon mai shayi a Zariya ko Maraɗi. Da tsakar rana, ɓangaren ƙasa na wannan rufi yakan haɗiye sautin da ke kan mita 41 da 49, saboda haka shirin rana ya fi fita tangaran a kan mita 16 ko 19, amma da asuba da dare akan koma mita 31 ko 41. Tun da tsawon yini yana sauyawa tsakanin hunturu da bazarar ƙasashen arewa, kuma ƙarfin rana kansa yana hawa da sauka a zagayen kusan shekara 11, mitar da ta yi kyau a Yuli tana iya zama shuuu kawai a Disamba.

Zaɓen mita ba na ganin dama ba ne, domin wurin kaɗan ne, masu nema kuwa da yawa. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, da ke Jeniba ce ta shimfiɗa ƙa'idojin, yayin da ƙungiyar HFCC, wadda aka kafa a 1990 kuma take da mazauni a Firag, take tara injiniyoyi sau biyu a shekara don su sasanta wuraren da tashoshi biyu za su hau kan juna.

Ranakun sauyin sun dace da lokacin da Turai ke juya agogonta, abin da bai shafi Nijeriya da Nijar ba, inda agogo ke gaban GMT da sa'a ɗaya a duk shekara. Shi ya sa mai sauraron Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, galibi yakan samu shirinsa a lokacin da ya saba, sai dai ya ɗan murza allurar rediyo ya laluɓo inda muryar ta koma.