Harshen Likita da Majiyyaci: Yadda Masu Ciwon Huhu Mai Daɗewa Suke Son a Yi Musu Magana

1.0 Gabatarwa

Ɗaya daga cikin rassan ilimin walwalar harshe shi ne nazarin yadda ake sarrafa harshe a wuraren sana'a, kamar kotu da kasuwa da asibiti. Wannan babi zai duba maganar da ke gudana tsakanin likita da majiyyacin da ke fama da ciwon huhu mai daɗewa, tare da kawo misalai daga yankin noman rani na Kura da Bunkure a Jihar Kano. Abin da ake son ɗalibi ya fahimta shi ne, majiyyaci yana son a gaya masa gaskiyar cutarsa, amma da kalmomin da ya sani, kuma ta hanyar da ba za ta yanke masa ƙauna ba. Idan aka kuskure kalma ɗaya, yana iya barin magani ya koma gida.

2.0 Yankin da Yanayin Cutar

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako. Daga ita ne ake tura ruwa ta magudanai zuwa gonakin Kadawa da sauran sassan ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Wannan ya sa ake noma rani da damina, musamman shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa.

Sai dai wannan arziki yana tafe da ƙura da hayaƙi. Masu bugun shinkafa da masu shiƙa da masu aiki a injinan casa suna wuni cikin ƙaiƙayi da ɓuntu. Mata masu turara shinkafa da masu girki suna shafe sa'o'i a gaban murhun itace. Ga hayaƙin tattakar da ake ƙonawa bayan girbi, ga kuma ƙurar hunturu. Shaƙar irin waɗannan abubuwa shekara da shekaru, tare da shan taba ga masu sha, suna cikin abubuwan da ke haddasa cutar toshewar hanyoyin numfashi, wadda likitoci suke taƙaita sunanta na Turanci da haruffan COPD. Alamominta su ne tari mai daɗewa da kaki da haki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021, wato ita ce ta huɗu a jerin cututtukan da suka fi kisa a duniya a waccan shekara. Huhun da ya lalace ba ya komawa daidai, amma magani da guje wa hayaƙi suna rage wahala, su kuma rage saurin ci gaban cutar.

3.0 Matsalar Suna

Abu na farko da majiyyaci yake son ji shi ne sunan abin da ke damunsa. A nan ne matsalar harshe take farawa. Hausa tana da kalmomi irin su tari da mura da sanyi da asma da tarin shiƙa da tarin fuka, amma ba ta da tsayayyen suna ɗaya da kowa ya sani na wannan cuta. Bugu da ƙari, kalmar fuka tana da harshen damo, domin wasu suna nufin asma da ita, wasu kuma da zarar sun ji ta sai tunaninsu ya tafi ga tarin fuka.

Bambancin kuwa babba ne. Tarin fuka ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana ɗaukarsa ta iska, kuma ana warkewa idan an sha magani na wata shida, wanda ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati. Asma da toshewar hanyoyin numfashi kuwa ba a ɗaukarsu daga wani. Idan likita bai fayyace wannan ba, dangi suna iya ware wa majiyyaci kwano da kofi, jikoki su daina shiga ɗakinsa, har maganar auren 'ya'yansa ta sami tangarɗa. Saboda haka, jimla ɗaya kamar "Baba, wannan ba tarin fuka ba ne, ba kuma a ɗauka" ta fi masa daraja a kan dogon bayani da Turanci.

4.0 Tsakanin "Warkewa" da "Sauƙi"

Wannan shi ne gishirin babin. Ga Bahaushe, magani abu ne da ake sha a warke, a kuma daina. Haka nan ya yi imani da cewa kowace cuta Allah Ya saukar da maganinta. Don haka idan likita ya ce "wannan ciwo ba shi da magani", majiyyaci zai fahimci ɗayan abu biyu: ko dai likita ya sallame shi ya je ya jira ajali, ko kuma ya faɗi abin da ya saɓa wa imaninsa. Ko wanne ya ɗauka, sai ya juya ga masu tallar magani a kasuwa, waɗanda ba sa jin nauyin yi masa alkawarin waraka cikin mako guda.

A ɗaya ɓangaren, idan likita ya ce "za ka warke" don kwantar da hankali, ya shuka abin da zai dame shi gaba. Majiyyaci zai sha magani wata ɗaya ko biyu, ya ga tari bai rabu da shi ba, sai ya yanke hukuncin cewa maganin asibiti bai karɓe shi ba.

Hausa ta tanadi mafita a kalmar sauƙi, da kuma fi'ilan lallaɓawa da kiyayewa. Alal misali:

Likita: Malam, ƙura da hayaƙin da kuka daɗe kuna shaƙa sun ƙuntata hanyoyin iska a huhunku. Ciwo ne da ake zama da shi ana lallaɓawa, kamar hawan jini ko ciwon suga.
Majiyyaci: To likita, ke nan na bar gona?
Likita: A'a, da yardar Allah za ku samu sauƙi ku ci gaba da zuwa. Amma bugu da shiƙa, a bar wa yara.

A wannan misali an faɗi gaskiya, an kwatanta da cututtukan da jama'a suka riga suka sani, an kuma amsa tambayar da ta fi damun manomi, wato makomar sana'arsa.

5.0 Ladabi da Kunya

Majiyyaci yana son a fara da gaisuwa, a kira shi da sunan girmamawa kamar Baba ko Malam ko Alhaji ko Inna ko Hajiya, a kuma yi amfani da wakilin suna na jam'i, wato ku, ga wanda ya manyanta. Sai dai gaisuwa tana da nata tarko. Duk wanda aka tambaya "yaya jiki?" amsarsa ita ce "da sauƙi", ko da kuwa da ƙyar yake numfashi, domin al'ada ta ɗauki raki a matsayin kasawa. Likitan da ya san haka sai ya bi da tambayoyi na zahiri: "Kuna kaiwa masallaci ba ku tsaya kun huta ba?" ko "Tarin yana tashinku da dare?"

Kunya ma tana hana faɗin gaskiya. Dattijon da ɗansa ya rako ba zai amsa cewa yana shan taba ba a gabansa, musamman idan ɗan fari ne. Matar aure kuwa, tambayarta ko tana shan taba kai tsaye tamkar zagi ne, alhali tambayar da ta dace da ita ita ce ta murhu da itace. Wannan matsala takan ƙaru idan likita ba ya jin Hausa, aka sa ɗa ko suruki ya yi tafinta. Majiyyaci ya fi son a keɓe da shi, a kuma tambaye shi wanda yake so ya ji labarin cutarsa. Haka nan ba ya son a ɗora masa laifi da kalamai irin su "kai ka jawo wa kanka".

6.0 Bayanin Magani

Babban maganin wannan cuta shi ne na shaƙa, wanda ake fesawa a baki. Mutane da yawa sun fi amincewa da allura, wasu kuma suna tsoron cewa wanda ya fara shaƙa ba ya dainawa. Majiyyaci yana son a nuna masa yadda ake riƙewa da shaƙa a aikace, sannan a ce ya maimaita a gani. Yana son a danganta lokutan magani da abin da ya saba, kamar bayan sallar asuba da bayan isha, a gaya masa kuɗinsa tun da wuri, a kuma tattauna yadda zai yi da watan azumi. Kalmar "to" da yake yawan faɗi alama ce ta ladabi, ba hujja ba ce ta fahimta.

Wannan haƙƙi ne da doka ta tanada. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta nemi ma'aikacin lafiya ya sanar da majiyyaci halin da yake ciki da hanyoyin magani, kuma gwargwadon iko ya yi hakan da harshen da yake ji, tare da lura da matakin iliminsa.

7.0 Kammalawa

Malamin makaranta a karkara shi ake kai wa takardar asibiti ya karanta, shi ake roƙo ya raka maƙwabci wurin likita, kuma ɗalibansa su ne ma'aikatan lafiya na gaba. Saboda haka ya wajaba malamin Hausa ya san bambancin fuka da asma, da bambancin warkewa da sauƙi, ya kuma koya wa ɗalibai fassara ma'ana maimakon bin kalma da kalma. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, kuma a ɗakin likita abin da ta zaro yana iya zama dalilin ci gaba da magani ko barinsa.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana yadda harshen damo a kalmar fuka yake iya cutar da majiyyaci.
2. Kawo jimloli uku da likita zai iya amfani da su a maimakon "ba shi da magani".
3. Tattauna matsalolin sa ɗan'uwa ya yi tafinta a asibiti.