Maki Mudu Ne

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa cikin 2013, da yawa daga cikinmu 'yan wannan kwaleji mun sa rai in mun gama nan mu wuce can, ko kuwa wata jami'a. Saboda haka na ga ya kamata in yi wa 'yan'uwana bayanin dokoki uku waɗanda za mu tarar, watau dokar ba da maki, da ta makara da aiki, da ta gaskiya cikin karatu.

Mu fara da maki. A yawancin jami'o'in ƙasarmu kowane kwas maki 100 ne. Wanda ya sami 70 ko fiye ya ci A, daga 60 zuwa 69 B, daga 50 zuwa 59 C, daga 45 zuwa 49 D, daga 40 zuwa 44 E. Abin da ya kasa 40 faɗuwa ce, sai mutum ya maimaita kwas ɗin baɗi. Kowane harafi kuma da lambarsa, A biyar, B huɗu, har zuwa E ɗaya. Waɗannan lambobi a ke tarawa tun daga shekarar fari, a auna su da nauyin kowane kwas, a fitar da matsakaici. Sai wanda matsakaicinsa ya kai 4.50 ya ke samun digiri mai daraja ta ɗaya. Ashe kasalar shekarar fari takan bi mutum har ranar fitarsa.

Amma ba ran jarrabawa kaɗai a ke samun makin nan ba. Galibi a jami'a akan ware 30 domin gwaji da aikin jinga na cikin zango, 70 domin jarrabawa. A kwalejojin horon malamai kuwa 40 ne da 60. Har ila yau ba a yarda mutum ya zauna jarrabawa sai ya halarci kashi 75 cikin 100 na darussa.

To, ga inda dokar makara ta shigo. Kowane malami da sharaɗinsa: wani ya rage maki, wani ya ƙi karɓa sam. Ku yi lissafi da kanku. Ɗan jami'a wanda ya rasa 30 ɗin nan ba zai ci A ba sai ya cinye 70 duka, ba kuskure ko ɗaya. Ɗan kwaleji wanda ya rasa 40, kome ƙoƙarinsa, iyakarsa 60. Na sha jin ana cewa wannan tsanani ne, ni kuwa ban ga haka ba. Wanda ya kawo aikinsa bayan mako guda ya sami kwana bakwai waɗanda 'yan'uwansa ba su samu ba, watakila ma ya riga ya ji gyaran da aka yi musu. Uzuri na gaskiya, kamar ciwo, ko rasuwa, ko ruwan Kogin Yobe ya tare wa mutum hanya da damina, wannan dabam ne. Sai dai a sanar da malami da wuri, da shaida, kada a bari sai ranar ta wuce.

Ta uku ita ce mafi nauyi. Satar amsa ba shiga da guntuwar takarda kaɗai ba ce. Kwafe jingar aboki sata ce. Ɗauko maganar wani daga littafi ko intanet ba tare da ambaton mai ita ba sata ce, haka nan sa kwamfuta ta rubuta maka ka ce kai ka yi. Cutar ta daɗe, gama cikin 1977 tambayoyin jarrabawar WAEC sun fita kafin ranarsu, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Dokar maguɗin jarrabawa ta 1999 ta yanka wa babba wanda aka kama ɗaurin shekara 3, amma in malami ne ko mai tsaron jarrabawa shekara 4, ba zaɓin tara. Mu masu shirin zama malamai sai mu lura, namu ya fi yawa.

Me ya sa a ke tsanantawa haka? Mutanen Nguru sun san amsa. Bayan da jirgin ƙasa ya iso garin cikin 1930, gyaɗa da ƙaro sun riƙa tafiya Kano har su ƙetare teku, mai saye bai taɓa ganin manomi ba, abin da sikeli ya faɗa shi ya ke gaskatawa. In aka sami yashi cikin buhu ɗaya, duk buhunan garin a ke zargi. Takardar shaida haka ta ke. Hedimasta wanda zai ɗauke ni aiki bai ga karatuna ba, maki ya gani. Mai algus a jarrabawa ya rage darajar takardar kowa, har da ta wanda ya kwana yana karatu.

Gobe mudun nan a hannunmu zai kasance. Malamin da ya saba da sata ba shi da bakin hana yara arba'in ko hamsin da ke gabansa, gama in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shawarata ita ce, ran da aka fara kwas kowa ya tambayi malami yadda ya raba makinsa da ranakun karɓar aiki, ya rubuta a bangon littafinsa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.