Sakacin Lauya a Shari'ar Sakacin Likita: Matsayin Doka da Halin Mai Ƙara a Yammacin Zamfara

Tsakure

Wannan muƙala ta yi bayani a kan haƙƙin mutumin da ya danƙa wa lauya ƙarar sakacin likita, sannan ƙarar ta lalace a hannun lauyan. An duba tanadin Dokar Lauyoyi ta Nijeriya, da wasu hukunce-hukuncen kotu, da mahangar fiƙihun Malikiyya, tare da la'akari da yanayin ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Muƙalar ta nuna cewa doka ta buɗe ƙofar kai lauya ƙara, sai dai ƙofar ƙunci gare ta, domin mai ƙara zai tabbatar da abubuwa biyu a zama ɗaya: sakacin lauya, da kuma ƙarfin ƙarar da ya salwantar.

Fitilun Kalmomi: sakaci, lauya, likita, diyya, wa'adi, wakilci.

1.0 Gabatarwa

Marar lafiya yakan miƙa jikinsa ga likita saboda bai san magani ba, mai ƙara kuma yakan miƙa hujjarsa ga lauya saboda bai san doka ba. Duka biyun amana ce da wanda bai sani ba yake bai wa masani. Idan ta farko ta karye, sai a nemi gyara ta hanyar ta biyu. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: ina za a dosa idan ita ma ta biyun ta karye? Da yawa daga mazauna karkara sun ɗauka cewa lauya ya fi ƙarfin kotu, tunda nan ce gonarsa. Wannan zato ba daidai ba ne, amma akwai dalilan da suka sa ya yi kama da gaskiya, kuma su ne za a warware a nan.

2.0 Yanayin Yankin

Anka da Gummi da Bukkuyum suna yammacin Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Mutanen yankin sun san ciwon rashin yara. A shekarar 2010 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta lura da yawan mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyuka, bincike kuma ya tabbatar da cewa gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Abin ya shafi Abare da Dareta da Sunke da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, kuma an ƙiyasta cewa yara kusan 400 sun rasu. Aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Bagega bai fara ba sai a 2013.

Wannan annoba ba sakacin likita ba ce, amma ta koyar da darasin da ya shafi kowace shari'ar lafiya. Kafin a gwada jinin yaran, ana danganta ciwon da zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau, saboda alamomin sun yi kama. Gwaji da rubutaccen bayani ne suka raba gardama. Haka abin yake a kotu: abin da ba a rubuta ba, kuma masani bai fassara shi ba, da wuya ya zama hujja. Ƙari a kan haka, mafi yawan jinyar da ake yi a yankin a asibitocin gwamnati ake yin ta, lauyoyi kuwa sun fi taruwa a Gusau da Sakkwato. Nisan hanya da matsalar tsaro sukan sa mai ƙara ya daɗe bai ga lauyansa ba, ya dogara ga abin da aka faɗa masa ta waya.

3.0 Abin da Shari'ar Sakacin Likita Take Buƙata

Wanda ya ce likita ya cuce shi, wajibi ne ya tabbatar da abubuwa uku: cewa akwai nauyin kulawa a kan likitan, cewa ya gaza sauke shi, da cewa gazawar ce ta haifar da cutarwar. Ma'aunin da kotunan Nijeriya suka aro daga hukuncin Bolam na Ingila na 1957 shi ne aikin matsakaicin likita mai ƙwarewa a wannan fanni. Rasuwar majinyaci kaɗai ba ta isa hujja ba.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 2006 a shari'ar Ojo da Gharoro ya nuna tsananin wannan ma'auni. An yi wa wata mata tiyata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, allurar ɗinki ta karye, guntunta ya zauna a cikinta. Duk da haka ba ta yi nasara ba, domin likitocin sun yi bayanin yadda allura kan iya karyewa ba tare da ganganci ba, ita kuwa ba ta gabatar da wani ƙwararre da zai rushe bayaninsu ba. A nan ne aikin lauya yake bayyana: shi ne ya san cewa irin wannan ƙara ba ta tsayawa sai da shaidar likita.

Shari'ar maganin Trovan ta Kano kuwa ta nuna tsawon tafiyar. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin magani a kan yara 200 a Asibitin Zana, 11 suka rasu. An shigar da ƙara a Amurka a 2001, aka yi ta kai-komo a kan wace ƙasa ce ta dace ta saurare ta, har kotun ɗaukaka ƙara ta farfaɗo da ita a Janairun 2009. A wannan shekara ne kamfanin ya sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, wadda aka ware miliyan 10 daga ciki don kuɗin shari'a. Iyalai huɗu na farko ba su karɓi diyya ba sai a Agustan 2011, bayan gwajin ƙwayoyin halitta. Shekara goma sha biyar ke nan. Jinkiri irin wannan ba lallai ne ya zama laifin lauya ba, kuma dole a rarrabe shi da sakaci.

4.0 Wuraren da Lauya Kan Yi Sakaci

Na farko kuma mafi haɗari shi ne wa'adi. Sashe na 2 na Dokar Kare Jami'an Gwamnati ya tanadi cewa ƙarar jami'in gwamnati a kan abin da ya aikata a bakin aikinsa sai a shigar da ita cikin wata uku. Akwai makamanciyarta a kundin Dokokin Arewacin Nijeriya na 1963, kuma a shari'ar Ibrahim da Kwamitin Ayyukan Shari'a na Jihar Kaduna a 1998, Kotun Ƙoli ta ce kariyar ta haɗa da hukumomi, ba ɗaiɗaikun ma'aikata kawai ba. Akwai togaciya, kamar idan cutarwar tana ci gaba, ko an yi aikin da mugun nufi, amma lauya mai hankali ba ya jingina ƙarar mutum a kan togaciya. A misali, magidanci daga wani ƙauyen Gummi ya rasa matarsa a wurin haihuwa. Kafin a gama zaman makoki, a yi shawara da dangi, a tara kuɗin mota zuwa Gusau, wata guda ya shuɗe. Idan lauya ya karɓi takardu ya ajiye su wata biyu da 'yan kwanaki, ƙarar tana iya mutuwa kafin a haife ta.

Na biyu shi ne rashin aika takardar sanarwa kafin ƙara, inda dokar da ta kafa hukumar ta wajabta hakan. Na uku shi ne kuskuren wanda ake ƙara ko kotun da aka je, domin cibiyar lafiya ta tarayya da babban asibitin jiha ba uwa ɗaya ta haife su ba. Na huɗu shi ne ƙin neman fayil ɗin majinyaci da wuri, alhali Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibitoci ajiye bayanan marasa lafiya. Na biyar shi ne yin sulhu ko janye ƙara ba tare da izinin mai ita ba, ko riƙe kuɗin diyyar da aka biya.

Kotunan Nijeriya suna da al'adar ƙin ɗora wa mai ƙara laifin lauyansa a ƙananan kurakuran tsari, su ƙara masa lokaci. Sai dai wannan sassauci ba ya tayar da ƙarar da wa'adin doka ya riga ya kashe.

5.0 Matsayin Doka a kan Ƙarar Lauya

Sashe na 9 na Dokar Lauyoyi ne ginshiƙi. Ƙaramin sashe na farko ya ce lauya ba shi da kariya daga biyan ɓarnar da sakacinsa ya jawo, kuma duk sharaɗin yarjejeniya da ya nemi cire masa wannan alhaki ɓatacce ne. Na biyu ya yarda a rage alhakin idan lauyan kyauta ya yi aikin. Na uku ya bar masa tsohuwar kariyar nan ta abin da ya gudanar a gaban kotu, wadda ta samo asali daga Ingila, aka kuma ƙarfafa ta a shari'ar Rondel da Worsley a 1967. Ingila ta yi watsi da wannan kariya a 2000 a shari'ar Hall da Simons, amma a Nijeriya tana nan, saboda rubutacciya ce a cikin doka.

Ma'anar wannan ita ce aikin lauya kashi biyu ne. Abin da ya yi a tsaye gaban alƙali, kamar irin tambayar da ya yi wa shaida ko wadda ya bari, yana da kariya. Abin da ya yi ko ya ƙi yi a ofishinsa, kamar barin wa'adi ya wuce, ko ba da gurguwar shawara, ba shi da ita. Shari'ar Saif Ali ta 1978 ta nuna cewa kasa shigar da wanda ya kamata a yi ƙara kafin wa'adi ya cika ba ya cikin kariyar. Hukunce-hukuncen Ingila ba sa ɗaure kotunan Nijeriya, amma ana kafa hujja da su. Abin lura shi ne, mafi yawan kurakuran da aka lissafa a sama a ofis ake yin su.

6.0 Shari'a Cikin Shari'a

Tabbatar da sakacin lauya rabin aiki ne. Kotu za ta tambaya: me aka rasa? Idan ƙarar farko da ma ba ta da ƙafa, to lauya bai salwantar da komai ba, ko da ya yi kasala. Saboda haka mai ƙara zai koma ya nuna ƙarfin ƙararsa a kan likita, da fayil da shaidar ƙwararre, a cikin ƙararsa a kan lauya. Ba a neman ya tabbatar da cewa lalle da ya yi nasara. Ya isa ya nuna cewa ya rasa dama mai ƙima. A shari'ar Kitchen ta 1958 a Ingila, lauyoyin wata mata da mijinta ya rasu sun bar wa'adi ya wuce. Iyakar abin da za ta samu da ta ci shari'ar fam 3,000 ne, sai kotu ta ba ta fam 2,000 a matsayin ƙimar damar da ta kuɓuce mata.

Nauyin ya fi tsanani ga mutumin Anka ko Bukkuyum. Zai nemi lauya na biyu da zai yarda ya ja da abokin sana'arsa, da likitan da zai ba da shaida a kan ɗan'uwansa likita, a jihar da masu waɗannan sana'o'i suka san juna. Ita ma wannan ƙara tana da nata wa'adin. Sau da yawa kuma takardun da zai kafa hujja da su suna hannun wanda yake ƙara.

7.0 Mahangar Fiƙihun Malikiyya

Zamfara ce jihar da ta fara faɗaɗa aiki da Shari'ar Musulunci, daga Janairun 2000, don haka jama'a sukan auna irin wannan al'amari da ma'aunin fiƙihu. Lamunin likita tsohon babi ne: a cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya yi bayanin diyyar da ke hawa kan mai kaciya idan ya yi kuskure ya wuce iyaka, kuma malamai sun bambanta ƙwararren da ya yi kuskure da jahilin da ya shiga sana'ar da bai sani ba. Shi kuwa lauya, matsayinsa na wakili ne. Ƙa'idar ita ce wakili amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai idan ya ƙetare iyakar da aka yi masa ko ya yi sakaci. Wannan ya yi daidai da ruhin sashe na 9: faɗuwa a shari'a ba laifi ba ne, wofintar da amana shi ne laifi.

8.0 Hanyar Ladabtarwa

Ban da kotu, akwai Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, wanda aka fi sani da LPDC. Ƙa'idojin Ɗa'ar Aikin Lauya, na 2007 da aka sabunta a 2023, sun hana lauya yin watsi da aikin da aka danƙa masa, ko karɓar aikin da ya san ba shi da ƙwarewa a kansa ba tare da haɗa kai da masani ba. Ana iya fara kai koke ga reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya da ke Gusau. Kwamitin yana da ikon gargaɗi, ko dakatarwa, ko soke sunan lauya daga rajista, yana kuma iya umartar a mayar da kuɗi ko takardu. Amma ba ya maye gurbin kotu wajen ƙiyasta diyyar damar da aka rasa. Haka nan koke a kan likita yana iya zuwa Majalisar Kula da Likitoci ta Nijeriya, wato MDCN, wadda take da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa. Marar hali kuma yana iya neman taimakon Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

9.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa lauya ba ya fin ƙarfin doka, sai dai cin nasara a kansa yana buƙatar hujja ninki biyu. Saboda haka rigakafi ya fi magani. Mai ƙara ya nemi rasit na duk kuɗin da ya biya, ya riƙe kwafin katin asibiti da takardun magani, ya rubuta ranar da abin ya faru da ranar da ya ga lauya, ya kuma nemi lambar ƙarar da sunan kotun, domin ya iya tabbatarwa a wurin magatakarda cewa an shigar da ita. Akwai buƙatar reshen ƙungiyar lauyoyi da masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum su wayar da kan jama'a da Hausa a kan wa'adin wata uku, majalisun dokoki kuma su sake duba ko wannan wa'adi ya dace da mutumin da zaman makoki da nisan hanya suke cinye masa rabinsa kafin ya isa ofishin lauya.