Jelifish: Abin da Ke Cika Teku Idan An Kwashe Kifi

Ranar da na fara ganin jelifish a bakin teku a Sikotilan, na ɗauka leda ce ruwa ya turo. Na tura wa Umma hotonsa, ta ce, "Wannan kuma kifi ne ko majina?" Na ce mata ba kifi ba ne. Ba shi da ƙashi, ba zuciya, ba ƙwaƙwalwa, kuma kusan kashi 95 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne. Siffarsa kamar buɗaɗɗiyar lema, da zaruruwa masu harbi a ƙasa.

Sai da na fara digiri na biyu a kimiyyar teku na gane cewa yawansa na iya nuna halin da ruwa ke ciki. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Namibiya. A da tekunta cike yake da sadin, har jiragen kamun kifi suka yi masa kwasar ganima, ya ƙare ƙwarai a shekarun 1970. Sadin da jelifish abinci ɗaya suke nema, wato ƙananan halittun da ke shawagi a ruwa. Da sadin ya ragu, sai abincin ya zama na jelifish. Shi kuma yana cinye ƙwan kifi da 'ya'yansa, don haka kifin ya kasa farfaɗowa. Wani bincike na 2006 ya nuna nauyin jelifish a ruwan ya ninka na kifi fiye da sau uku.

Nan Birtaniya ma an ɗanɗana. A 2011 tashar nukiliya ta Torness ta dakatar da aiki bayan jelifish sun toshe matatar ruwan da ke sanyaya ta.

Amma ba maƙiyi ba ne. Ƙananan kifaye na fakewa a cikin zaruruwansa, kuma shi ne babban abincin kunkurun teku mafi girma a duniya, wanda ke zuba ƙwai a gaɓar Gabon da Gana. Wannan kunkuru kan haɗiye leda a zaton jelifish ce, ta toshe masa hanji ya mutu. Kuskuren da na yi ranar farko shi yake yi, sai dai shi da ransa yake biya. Tun daga nan na daina karɓar leda a kanti.