Daga Lur Zuwa Wusasa: Yadda Musayar Mishan Ta Tayar Da Gidan Gowon

Kusan duk mai karanta jaridar nan ya san cewa Janar Yakubu Gowon, wanda ya shugabanci ƙasar nan daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa ya tashi, can bayan ganuwar birnin Zariya. An kuma san cewa asalin iyayensa Angasawa ne, daga ƙauyen Lur cikin ƙasar Pankshin. To, me ya raba mutumin kan dutse da gonar ubansa da danginsa, har ya kwashi mata da 'ya'ya ya tafi ƙasar Zazzau, inda ba shi da gado ko na taki ɗaya? Amsar tana cikin wata shawara da Turawan Mishan suka yanke a tsakaninsu a 1930, wadda ta girgiza masu bi a ƙasar Angas da ta Sura.

Bari mu ɗan koma baya. A 1907 wasu samari da suka fito daga Jami'ar Kambirij ta Ingila suka kafa tashar mishan a Panyam, cikin ƙasar Surawa, waɗanda ke kiran kansu Mwaghavul. A ƙarƙashin ƙungiyar C.M.S. suka zo, watau mishan ɗin Ikilisiyar Anglikan. A 1910 suka buɗe tasha ta biyu a Kabwir domin Angasawa. Cikin waɗanda suka karɓi sabon addinin tun da wuri akwai wani mutum daga gidan sarautar Lur, wanda aka yi wa baftisma da sunan Yohanna. Mutanensa suna ce masa Nde Yohanna, kalmar girmamawa ce da Angasawa ke yi wa dattijo. Ya bar al'adun gidansu, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne a wancan zamani ga ɗan gidan da tsafin gari yake hannunsu, ya zama mai bishara, yana bin ƙauyuka da ƙafa yana wa'azi. An ɗaura masa aure da Matwok Kurnyang ran 26 ga Afrilu, 1923, kuma har tsufansa yakan yi alfahari da cewa a ranar ce aka ɗaura auren ɗan Sarkin Ingila, wanda daga baya ya zama Sarki Joji na Shida.

Sai dai aikin C.M.S. a kan dutse bai taɓa samun isassun hannuwa ba. Mutuwa ta ɗauki wasu daga cikin samarin nan na farko, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya janye wasu, sa'an nan daga 1929 kasuwannin duniya suka faɗi, gudummawar da ke zuwa daga Ingila ta ragu. A gefe guda kuma ga wata ƙungiya, S.U.M., wadda Dokta Karl Kumm ya kafa a 1904, ta fara da Wase, ta yi ƙarfi a Langtang da ƙasar Birom, watau ta kewaye Panyam da Kabwir ta kusan kowace fuska. Tun taron da suka yi a Lakwaja a 1910, ƙungiyoyin mishan sun amince kada su riƙa shiga gonar juna, kowa ya tsaya a yankin da aka bar masa. Sawun wannan rabo yana nan har gobe. Mutumin Keffi ya sani, in ya nufi wajen Karu majami'un E.C.W.A. zai fi gani, in kuwa ya nufi Akwanga sai na E.R.C.C., haka kuma Numan ta zama ta Lutaran, Garkida ta 'Yan'uwa. Bisa wannan fahimta ne C.M.S. ta miƙa Panyam da Kabwir ga S.U.M. a 1930, ta tattara ƙarfinta a Zariya.

A kan takarda abin ya yi tsaf. A ƙasa kuwa, mutane suka kwana 'yan Anglikan suka wayi gari a hannun wasu. Mai karatu da ba Kirista ba zai iya cewa, ai duk Turawa ne, duk Littafi ɗaya suke karantawa, ina abin damuwa? Akwai shi kuwa. C.M.S. tana da Bishop, tana da littafin addu'a wanda masu bi suka haddace, tana da matakan ma'aikata da albashi, komai ƙanƙantarsa. Ita S.U.M. taron mutane ne daga ɗarikoki daban-daban, ba ta da Bishop, kuma tana riƙe da wata manufa da ƙarfi: ikilisiya ta ciyar da kanta, ta yaɗa kanta, ta mallaki kanta. Ma'anar wannan a aikace ita ce, kada a dogara ga kuɗin Turai wajen biyan mai bishara, ya yi nomansa ya yi wa'azinsa, jama'arsa su taimake shi da abin da ya sawwaƙa. Wajen karatu ma hanyarsu ta bambanta, domin a lokacin S.U.M. ta fi mai da hankali ga koyar da karatu cikin Hausa da harsunan gida don mutum ya iya karanta Littafi Mai Tsarki, ba ta ɗokin Turanci.

Cikin wannan sabon tsari Nde Yohanna ya rasa gurbinsa. Aikin da ya bar gadon gidansu dominsa ya kuɓuce masa, ga iyali suna ƙaruwa, ga shi kuma ba shi da hanyar komawa ga abin da ya riga ya juya wa baya. Hausawa sun ce in ruwa ya ci mutum ko takobi aka miƙa masa sai ya kama, amma shi ba takobi ya kama ba, haƙuri ya yi na wasu shekaru. A tsakanin nan aka haifi ɗansa na biyar, Yakubu, ran 19 ga Oktoba, 1934. A 1936 ya yanke shawarar bin ikilisiyarsa inda ta koma, inda kuma yaransa za su sami makarantar da yake so musu.

A nan ya kamata a yi adalci. Manufar S.U.M. ba ta banza ba ce, kuma lokaci ya nuna amfaninta. A 1934 ta buɗe makarantar horar da masu bishara da malamai a Gindiri, a 1938 ta naɗa fastocinta na farko 'yan ƙasa su 3, cikinsu har da David Lot, mutumin Panyam, wanda shi ma a hannun C.M.S. ya fara, amma ya zauna ya rungumi sabon tsari, daga baya ya yi suna a siyasar Arewa. Ikilisiyar da ta tsiro daga wannan aiki, C.O.C.I.N. mai hedkwata a Jos, tana cikin manyan ikilisiyoyin Arewa, da kuɗinta da shugabanninta. Abin da za a iya zargin Turawan nan da shi, a ganina, shi ne yadda suka yi musayar jama'a kamar masu musayar gona, suka kuma bar nauyin canjin ya faɗa kan waɗanda suka fi kowa sadaukarwa tun farko. Bature in an canja masa tasha, albashinsa da hutunsa na Ingila suna biye da shi. Mai bishara ɗan ƙasa kuwa, daga shi sai fartanyarsa.

Wusasar da gidan Gowon suka tarar ita kanta matattarar waɗanda aka tayar ce. Likita Mila, watau Dokta Walter Miller, ya zo Kano a 1900 tare da ayarin Bishop Tugwell, Sarkin Kano Alu ya sallame su. A 1905 ya sami wurin zama cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, ya buɗe makaranta da ɗakin magani. A 1913 wasu mutane suka zo wurinsa daga zuriyar Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda matsayin da ya ba Annabi Isa cikin karatunsa. Bayan kisan, almajiran sun watse zuwa Ningi da ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau. Waɗanda suka karɓi Kiristanci daga cikinsu aka tara su a wani sabon ƙauye, Gimi, sai ciwon barci ya faɗa musu ya kashe mutane da yawa, tilas aka watse. A 1929 kuma, bayan doguwar taƙaddama da hukuma kan zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi, aka fitar da tashar zuwa Wusasa, gindin dutse. Aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sosai da bakan gizo, aka kafa makaranta da asibiti. Shi Likita Mila bai bi su ba, Kano ya koma ya ƙarasa aikin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga a 1932.

Saboda haka baƙon da ya sauko daga dutse ya iske Hausawa da Fulani Kirista waɗanda su ma kowannensu yana da labarin gidan da ya bari. Duk da haka baƙo baƙo ne. Nde Yohanna ya kama noma da aikin ƙarfi irin su haƙar rijiya, yana kuma fita wa'azi ƙauyukan kewaye. Mutumin da aka haifa a gidan sarauta, ga shi da laka har gwiwa a ƙasar wasu, don dai yara su shiga aji. 'Ya'ya 11 Allah ya ba shi. Suka tashi da Hausa a bakinsu, ita ce ta wasa, ita ce ta majami'a, ita ce ta kasuwa.

Makarantar nan ta mishan, tun tana birni har ta koma Wusasa, ta fitar da mutanen da Arewa ba za ta manta da su ba. Daga cikinta Dokta R.A.B. Dikko ya fito, likitan farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Akwai John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Akwai Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawa, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, kuma Ministan Harkokin Waje zamanin Shagari. Yakubu ya bi sahunsu, daga St. Bartholomew ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda aka fi sani da Barewa, ya shiga soja a 1954, aka tura shi Sandhurst. Ran 1 ga Agusta, 1966, yana da shekara 31, ya zama shugaban ƙasa.

Masu nazarin siyasar wancan lokaci sun sha faɗin cewa tashinsa a Wusasa yana cikin abin da ya sa aka yarda da shi a watannin nan masu zafi. Sojojin da suka fito daga ƙananan ƙabilun Arewa suna ganinsa nasu, Kirista ɗan dutse. Sarakuna da manyan ma'aikata kuwa suna ganin ɗan Zariya, ɗan Barewa, mai Hausa kamar tasu, wanda ya san yadda ake durƙusawa a gaida babba. Da Nde Yohanna ya zauna a Lur, da wuya a ce ɗansa ya haɗa waɗannan riguna biyu. Da ya raba ƙasa jihohi 12 ran 27 ga Mayu, 1967, garin haihuwarsa ya faɗa Jihar Binuwai da Filato, garin tashinsa ya faɗa Jihar Tsakiyar Arewa. Tsohon ya ga duk wannan da idonsa, ya ga ƙarshen yaƙin basasa a 1970, ya rasu a 1973 ɗansa yana kan mulki, aka binne shi a Wusasa.

Ƙaura dai ba ta gama da gidan ba. Ran 29 ga Yuli, 1975, Janar Gowon yana taron Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Kampala aka hamɓarar da shi, ya wuce Ingila ya shiga Jami'ar Warwick ya zama ɗalibi. Sa'an nan ran 13 ga Fabrairu, 1976, Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka ya jagoranci yunƙurin juyin mulkin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinsa. Dimka mutumin Angas ne, kuma akwai surukuta tsakanin gidajen biyu. Nan take asalin da iyalin suka baro shekara 40 da suka wuce ya biyo su har Wusasa. Gwamnati ta zargi Gowon da hannu a ciki, shi kuwa ya musanta, aka tuɓe masa muƙaminsa, aka ce ana nemansa, aka tsare wasu daga cikin 'yan'uwansa. Joseph Gomwalk, tsohon gwamnan Binuwai da Filato, yana cikin waɗanda aka harbe a watan Mayu na shekarar. Sai a 1981 Shugaba Shehu Shagari ya yi wa Gowon afuwa, ya taka ƙasar nan a 1983, Janar Babangida ya mayar masa da muƙaminsa a 1987. A watan Maris na wannan shekara ta 1987 ne kuma tarzomar da ta tashi a Kafanchan ta bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙone majami'u masu yawa, Wusasa ma wutar ba ta ƙyale ta ba.

Da wannan duka, gidan bai koma kan dutse ba. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Nde Yohanna, Daniel Gowon, har sarautar Wusasa ya riƙe, a ƙarƙashin Sarkin Zazzau, a garin da ubansa ya shigo yana baƙo. Ita kuwa Ikilisiyar Anglikan da ta bar dutse a 1930, ta sake komawa: an kafa mata Dayosis a Jos a 1980, daga baya aka yanka wata a Pankshin, kusa da Kabwir da Lur, inda yanzu majami'unta suke maƙwabtaka da na C.O.C.I.N. Wusasa ma ta sami nata Bishop a ƙarshen shekarun 1990. Janar Gowon, yaron da aka sauko da shi daga dutse yana goye, ya cika shekara 90 a watan Oktoba na 2024.