Haɗaɗɗen Garin Wake Na Leda: Abin Da Mai Saye Ke Samu Da Kuɗinsa

Legas: Haɗaɗɗen garin wake, wanda ake sayarwa a cikin leda ko kwali an riga an zuba masa gishiri da barkono da busasshiyar albasa da sauran kayan ɗanɗano, ya sami gindin zama a manyan kantunan biranen ƙasar nan, musamman wurin ma'aikatan da ba su da lokacin jiƙa wake su surfe shi, sa'an nan su bi layi a wurin injin markaɗe. Abin da uwargida ke bukata kawai shi ne ta kwaɓa garin da ruwa, ta yi alala ko ƙosai, waɗanda Yarabawa ke kira moin-moin da akara.

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin wannan wake, inda take samar da fiye da tan miliyan 3 a shekara, Jamhuriyar Nijar na bi mata. Mafi yawansa a Arewa ake noma shi, a tara shi a kasuwanni irin su Dawanau da ke Kano, daga nan manyan motoci su sauke shi a Mile 12 ta Legas da Bodija ta Ibadan. Mai masana'anta yakan sayi buhu, ya cire ɓawo, ya busar, ya niƙa, ya haɗa, ya ƙulla, kuma kowane mataki yana da kuɗinsa, waɗanda a ƙarshe mai saye ne zai biya. Babu laifi a cikin haka, domin lokaci ma dukiya ne. Tambayar ita ce ko abincin da ke cikin ledar ya kai na mudun waken da aka bari a kasuwa.

Alƙaluman masana abinci sun nuna cewa giram 100 na busasshen wake na ɗauke da kalori wajen 340, watau ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. A cikinsa akwai furotin mai gina jiki giram 23 zuwa 24, da sitaci da danginsa wajen giram 60, amma maiƙonsa bai kai giram 2 ba. Yana kuma da sinadarin ƙarfe wajen miligiram 8, wanda jiki ke bukata don kauce wa ƙarancin jini, musamman ga mata masu juna biyu. In aka dafa waken ya sha ruwa, nauyinsa kan kusan ninka sau uku, saboda haka giram 100 na dafaffe bai wuce kalori 120 ba.

A nan ne masu saye da yawa ke ruɗewa. Lissafin da ke bayan leda na busasshen gari ne, tun kafin a zuba masa ko ɗigon mai. Kowane giram na furotin ko sitaci kalori 4 yake bayarwa, alhali giram ɗaya na mai yana ba da 9. Babban cokali guda na manja ko man gyaɗa ya kai kalori 120. Ke nan wadda ta kwaɓa gari giram 100 ta zuba mai cokali uku, ta ninka ƙarfin abincin, ko da yake furotin ɗinsa yana nan yadda yake. Ƙosai, da yake a cikin mai ake tsoma shi, ya fi alala nauyi ta wannan fuska, ga shi kuwa daga leda ɗaya suka fito. Ga lebura ko yaro mai tasowa wannan ƙari alheri ne, amma ga mai ciwon sukari ko wanda likita ya ce ya rage ƙiba, lissafin ledar kaɗai zai iya yaudararsa. Har ila yau wasu kamfanoni kan rubuta adadin a kan abin da suka kira cin mutum ɗaya, wanda sau da yawa bai kai abin da magidanci ke ci a zaune ba, wasu kuma su yi amfani da kilojul, inda kalori 340 ke komawa wajen 1,420.

Babbar matsalar dai ita ce gishiri. Ɗanyen wake kusan babu sodiyam a cikinsa, bai kai miligiram 20 a giram 100 ba, don haka duk wanda aka gani a rubuce daga kayan haɗi ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai miligiram 2,000 na sodiyam a rana, watau gishiri giram 5, kimanin ƙaramin cokali guda. Alal misali, in leda ta nuna miligiram 800 a giram 100, to gishiri giram 2 ke nan, kashi 40 cikin ɗari na rabon yini. Sabo kuma kan sa mai girki ta ƙara dunƙulen ɗanɗano ɗaya ko biyu a kai, su ma ɗin gishiri ne babban abin da ke cikinsu. A ƙasar da hawan jini ya yawaita, kuma kuɗin maganinsa daga aljihun majinyaci suke fita, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Ta fuskar ciniki kuwa, gishiri ya fi wake araha nesa ba kusa ba, haka ma garin masara da na rogo. Duk giram ɗin da suka cinye a cikin leda, da farashin wake aka sayar da shi. Dokar rubutun jikin kayan abinci da Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, watau NAFDAC, ta sabunta a shekarar 2022 ta tanadi a jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, tare da bayanin sinadaran abincin. Saboda haka wake ne ya kamata ya zo farko a jerin. In kuwa furotin ya faɗi ƙasa da giram 20 a cikin 100, akwai dalilin da mai saye zai yi zaton wani abu ya tare wa waken wuri.

Cire ɓawo yana rage dusar da ke taimaka wa hanji, amma bai taɓa furotin ba. Shi kuma furotin ɗin wake yana cika ne idan aka haɗa shi da hatsi, domin abin da ɗaya ya rasa ɗayan yana da shi. Ƙosai da koko, ko akara da ogi a nan kudu, sun daɗe da warware wannan tun kafin a san ɗakin bincike.

Akwai abu guda da babu ledar da ke bayyana shi, watau yadda aka adana waken kafin a niƙa. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, bayan an sami maganin ƙwari na dichlorvos a cikinsa har miligiram 4.6 a kilo guda, alhali iyakar da ta amince da ita 0.01 ce, kuma a 2016 ta ƙara wa'adin haramcin da shekara uku. Buhunan PICS masu ruɓi uku, waɗanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, suna kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska ba tare da magani ba, sai dai sun fi buhun gargajiya tsada, kuma ba kowane ɗan kasuwa ne ke yarda ya biya ba. Da zarar wake ya zama gari an zuba masa yaji, ido da hanci ba za su iya bambance wanda aka yi wa feshi da wanda ba a yi wa ba. Abin da ya rage wa mai saye ya duba shi ne lambar rajistar NAFDAC, da adireshin masana'anta, da ranar da wa'adin kayan zai ƙare.