Kafin ka ɗauki mage ko kare marar gida: abin da ya kamata ka sani

A gefen kasuwar Ƙonni, ko bayan mahauta a Illela, ko kan juji a Tajaye, ba ka rasa ganin 'yar mage tana kuka ko kwikwiyo yana bin sawun mutane. Yara su kan kwaso su zuwa gida, uba ya ce a mayar, uwa ta ce a bari. Ɗaukar su alheri ne, amma akwai abubuwan da ya kamata ka sani tukuna.

Ina ake samun irin wannan dabba?

A ƙasashen Turai akwai gidajen riƙon dabbobin da aka yasar. A Faransa, ƙungiyar SPA, wadda aka kafa a 1845, tana wannan aiki. Ana duba lafiyar dabba, a yi mata rigakafi, a fiɗiye ta don kada ta yi ta haihuwa, sannan mai so ya sa hannu a takarda, ya biya wani abu, ya tafi da ita. Mu a karkararmu ba mu saba da irin wannan gida ba. Daga titi ko daga maƙwabci za ka samu, kuma duk aikin da gidan can yake yi ya dawo wuyanka.

Addini ya yarda?

Mage ba ta da matsala. Sahabi Abu Huraira ma saboda 'yar magensa ya sami wannan laƙabi. Hadisi ya ba da labarin matar da aka yi wa azaba don ta kulle mage har yunwa ta kashe ta, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Kare kuwa, malamai sun halatta riƙe shi don tsaron gona, kiwo da farauta.

Wane haɗari ne ya fi girma?

Haukan kare. Cuta ce da ke cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jikin mutum ta cizo ko yakushi, ko lasar ciwo, sannan ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Mage ma tana ɗaukar ta.

Za ka iya cewa, ai kwikwiyon nan lafiyarsa lau, wasa ma yake yi. Cutar kan ɓuya makonni ko watanni kafin ta bayyana, don haka ido ba ya isa shaida. Kada ka ɗauki dabbar da ke dalalar da yawu, ko tangaɗi, ko cizon duk abin da ta gani. Wadda ka ɗauka, keɓe ta daga yara, ka kai ta wajen ma'aikatan kiwo na Illela, Malbaza ko Ƙonni. Ana fara allurar rigakafi tun dabba tana wata 3, kuma ana maimaitawa. Adana takardar da za a ba ka.

In an yi cizo, wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ka tafi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Allurar da ake yi wa mutum bayan cizo tana hana cutar in an fara da wuri. In alamu sun fito, kusan babu mai tashi.

Me za ka ba ta, me za ka hana ta?

Ragowar tuwo kaɗai ba ya riƙe mage, tana bukatar nama ko kifi. Ajiye ruwa a inuwa kullum, musamman da bazara. Albasa, wadda Galmi ta yi suna da ita kuma ba ta yankewa a miyarmu, tana lalata jinin mage da kare, ɗanya ko dafaffiya. Kada ka ba su maganin mutane: ƙwayar farasitamol ɗaya tana iya kashe mage. Mace mai ciki ta bar wa wani kwashe kashin mage, domin yana iya ɗauke da cutar da ke taɓa ɗan tayi.

Nawa za ka kashe?

Abu uku ne ke cin kuɗi: abinci, maganin tsutsar ciki da ƙuma, da rigakafi. Allurar kare ta fi arha nesa da allurai da yawa da mutum zai sha bayan cizo, ban da kuɗin mota. A madadin haka mage za ta tsare maka rumbu daga ɓera, kare ya tsare garke.

Ka tuna da haihuwa. Cikin mage wata 2 ne da 'yan kwanaki, kuma tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. Wasu 'ya'yan da kake gani a juji daga gidajen mutane aka zubar da su. Tambayi likitan dabbobi batun fiɗiya tun da wuri. In ka san ba za ka iya ciyarwa da rigakafi ba, ba dabbar ruwa da abinci, ka nema mata gidan da zai iya.